Yadda ake zaɓar ɗaya cikin manyan katunan hoto biyu don kwamfutar gem

Wanda ya rage zaɓinsa zuwa katin hoto biyu, wato na'urar da ke zana hoton wasa a cikin kwamfuta, yakan ɗauka aiki ya zo ƙarshe, alhali a nan ne mutum yake ɓata makonni. Ya kalli bidiyon gwaji yau ya ce na Nvidia zai saya, gobe ya karanta wani rubutu ya koma na AMD. Dalili shi ne manyan katuna ba su cika yi wa juna nisa ba. Idan ɗaya ya ɗara a wannan wasa, ɗayan zai rama a wancan. Saboda haka tambayar "wanne ya fi ƙarfi?" ba ta raba gardama. Abin da ke raba ta yana kan teburinka: allon da kake kallo, wasannin da kake bugawa, akwatin da katin zai shiga, da wutar da za ta ciyar da shi.

Zan yi bayanin da katuna biyu da aka daɗe ana haɗa su kokawa, GeForce RTX 4080 SUPER na Nvidia da Radeon RX 7900 XTX na AMD. Matakan kuwa za su yi maka aiki ko da RTX 5080 ne da RX 9070 XT na 2025 a gabanka.

Ga su a taƙaice. RX 7900 XTX ya fito a Disambar 2022, yana da ma'adanar hoto mai gigabayit 24 nau'in GDDR6, da hanyar sadarwa mai faɗin bit 384, yana cin wuta har wat 355. RTX 4080 SUPER ya fito a ƙarshen Janairun 2024, ma'adanarsa gigabayit 16 ce nau'in GDDR6X, faɗin hanyarsa bit 256, iyakar wutarsa wat 320. Za ka ga an rubuta cewa na Nvidia yana da ƙwayoyin lissafi 10,240, na AMD kuma 6,144. Ka share wannan daga zuciyarka tun yanzu. Ginin katunan ba ɗaya ba ne, ƙwayar wannan ba ta daidai da ƙwayar wancan, kwatanta su kamar auna tsawo da kilo ne.

Mataki na farko: ka fara da allonka

Kafin ka sake duba sunan kowane kati, ka rubuta lambobi biyu na allonka: yawan ɗigon hotonsa, da sau nawa yake sabunta hoto a daƙiƙa guda. Allon 1080p yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7. Na 4K kuwa, wato 3840 sau 2160, ya kai miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p ke nan. Duk hoton da ya fito, sai katin ya zana waɗannan ɗigogin ɗaya bayan ɗaya.

Idan allonka 1080p ne mai sabuntawa sau 60, kuma ba ka da niyyar canja shi, to gaskiya ka bar waɗannan katunan biyu. Allon ba zai nuna maka fiye da hoto 60 a daƙiƙa ba ko da katin yana zuba 300. An yi su ne don 4K, ko 1440p mai gudun 144 zuwa sama. A 1440p dukansu suna da rarar ƙarfi, bambancinsu sai a ma'auni. A 4K ne kowanne yake nuna halinsa.

Ka kuma duba bakin da allon yake karɓar waya. Na AMD yana da DisplayPort 2.1, na Nvidia ya tsaya a 1.4a, dukansu kuma suna da HDMI 2.1. A takarda AMD ya ci wannan zagaye. A aikace, DisplayPort 1.4a yana matse bayanai da dabarar DSC ya kai 4K mai gudu sosai, kuma ido ba ya gane an matse. Sai dai in allonka da kansa yana da bakin 2.1 ne wannan zai zama abin lissafi.

Mataki na biyu: ka tabbatar katin ne matsalarka

Wannan gwaji ba ya cin minti goma, amma mutane da yawa ba sa yin sa. Ka buɗe wasan da ya fi ba ka wahala, ka kunna abin da ke nuna FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa. MSI Afterburner yana nuna shi tare da nauyin da ke kan katin. Ka tsaya a wuri ɗaya a cikin wasan ka rubuta lambar. Sai ka sauke girman hoto ƙasa sosai, zuwa 720p ma in ya yiwu, ka koma daidai wurin.

Idan lambar ta yi tsalle sama, katinka na yanzu ne ke riƙe ka, sabo zai taimaka. Idan ta tsaya kusan inda take, furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta gaji, kuma babu katin da zai gyara wannan. Masu buga Counter-Strike 2 da Valorant su suka fi faɗawa wannan rami, domin waɗannan wasannin sun fi jingina da furosesa. Mutum ya sa babban kati ya ga ƙarin bai taka kara ya karya ba, sai ya hau zagin kamfani.

Mataki na uku: rubuta wasanninka na gaskiya

A nan zan daɗe, don a nan hukuncin yake.

Ka ɗauki takarda ka rubuta wasanni biyar zuwa bakwai. Ba waɗanda kake sha'awar ka ce kana bugawa ba, waɗanda kake zama a kansu dare da rana. Steam, manhajar sayen wasanni, yana nuna awoyin da ka ɓata a kowane wasa, kuma ba ya kara. Ka ƙara biyu da kake jiran fitowarsu. Daga nan ka raba su gida biyu.

Gida na farko shi ne wasannin da ake zana su ta tsohuwar hanya, inda inuwa da haske dabaru ne da aka shirya tun farko. A nan katunan biyu kunnen doki suke yi. RX 7900 XTX yakan ɗan ɗara a wasu, musamman a 4K, kuma jerin Call of Duty an san su da jituwa da katunan AMD. A wasu kuma na Nvidia ne a gaba da ɗan taki.

Gida na biyu shi ne wasannin bin sawun haske, inda katin ke lissafa yadda haske ke fita daga fitila, ya bugi bango, ya dawo kan ruwa ko gilashi. Ka tsaya a titi cikin Cyberpunk 2077 bayan ruwan sama, ka kashe wannan saiti sannan ka kunna. A kashe, hoton allunan talla da ke cikin kududdufi yakan ɓace da zarar ka sunkuyar da kyamara, saboda wasan yana kwafo shi ne daga abin da ke kan allo kawai. A kunne, hoton yana nan daram ko allon tallar ya fita daga ganinka. A irin wannan aiki RTX 4080 SUPER ya yi wa abokin karawarsa fintinkau, kuma tazarar tana ƙara faɗi gwargwadon nauyin saitin. A cikakken bin sawun haske, kamar yanayin Overdrive da aka ƙara wa Cyberpunk a 2023 ko mafi girman saitin Alan Wake 2, na AMD yana durƙusawa ne kawai. A wasannin da suka ɗan yayyafa shi a inuwa kaɗai, yana riƙe kansa da kyau.

Kada ka ce ai kai ba ruwanka da wannan saiti sai ka duba inda aka dosa. Indiana Jones and the Great Circle, da ya fito a Disambar 2024, ba ya tashi sam a katin da ba ya bin sawun haske. Dukan katunan nan biyu suna buga shi, amma alama ce cewa abin da yake na ganin dama jiya yana zama dole.

Yanzu sai ka nemi sakamakon gwajin waɗannan wasannin naka, a girman allonka. Kada ka dogara da matsakaicin wasanni talatin da wani ya haɗa, domin ashirin da biyar a ciki ba za ka taɓa buɗe su ba. Kuma ka duba lambobi biyu, ba ɗaya ba: matsakaicin FPS, da abin da masu gwaji ke kira kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasa, wato gudun wasan a lokutan da ya fi tangarɗa. A gudun 60, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7. Hoto guda ya makara ya kai milisakan 50, hannunka zai ji shi kafin idonka. Katin da ke ba da 95 ba tare da faɗuwa ba ya fi daɗin wasa a kan mai ba da 105 yana sarƙewa. In tazarar katunan ba ta wuce kashi biyar cikin ɗari ba, ka rubuta "daidai" ka wuce. Ka kuma lura da ranar gwajin, don sabbin direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da katin, suna sauya sakamako, gwajin watan da kati ya fito ba lallai ya zama gaskiyar yau ba.

Mataki na huɗu: DLSS da FSR

Dabarar duka biyun ɗaya ce: katin ya zana hoto ƙarami, sannan a buɗa shi ya cika allo, sai gudu ya ƙaru. A 4K, saitin inganci yana zana hoton ne a 1440p. DLSS na Nvidia ne kaɗai. FSR na AMD ne, kuma har zuwa na uku yana aiki a katunan kowa, ma'ana mai RTX yana da zaɓi biyu, mai Radeon ba shi da DLSS.

A ganina wannan ya fi bin sawun haske nauyi a ma'auni, don kusan kowane babban wasa na yanzu yana ɗauke da shi. DLSS ya fi FSR 2 da FSR 3 tsabta a abubuwa sirara masu motsi: wayoyin turakun lantarki, shingen ƙarfe, gashin kai, ganyen bishiya daga nesa. A nan FSR yakan yi ƙyalli-ƙyalli. A 4K bambancin yana raguwa, a 1440p kuwa yana fitowa fili. FSR 4 da ya zo a 2025 ya gyara abubuwa da yawa, amma da katunan RX 9000 aka fito da shi, don haka kada ka sa shi a lissafin RX 7900 XTX sai ka tabbatar da idonka a shafin AMD. Haka nan dabarar DLSS 4 ta ƙirƙirar hotuna da yawa a cusa su tsakanin waɗanda katin ya zana, ta jerin RTX 50 ce. RTX 4080 SUPER hoto ɗaya yake cusawa tsakanin kowane biyu.

Wata 'yar magana kan cusa hoton nan: yana sa motsi ya yi laushi a ido, amma ba ya sa wasan ya amsa hannunka da sauri. Idan ka ga jadawalin talla da dogayen sanduna, ka duba ƙananan rubutun ƙasa ka ga ko da shi aka auna.

Mataki na biyar: gigabayit 24 ko 16

Ma'adanar kati kamar faɗin teburin aiki ce. Muddin kayanka sun hau, ƙarin faɗi ba ya ƙara maka sauri. Ranar da suka fi ƙarfinsa kuwa, wasan zai fara tsayawa cak, ko bango ya fito a dushe kafin ya waye. Ga yawancin wasanni a 4K, 16 tana isa. Masu bukatar 24 su ne masu loda wa wasa gyare-gyaren hoto masu nauyi, da masu son riƙe kati shekaru da yawa, da masu gudanar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsu. Ka sani lambar da wasa ke nunawa sau da yawa abin da ya kama ne ya ajiye, ba abin da yake bukata ba. In ka ga ya kama gigabayit 18 a katin AMD, ba hujja ba ce cewa zai sarƙe a mai 16.

Mataki na shida: ɗauko abin awo

Na taɓa sayen kati na zauna da shi kwana huɗu a kwali. Tsawon na auna, ya shiga har da rarar yatsa biyu. Abin da ban auna ba shi ne faɗi: wayar wuta tana fita ne ta gefen katin, ta fuskanci gilashin akwati, kuma gilashin ya ƙi rufuwa sai in na danne ta. Dole na nemi wani akwatin.

Don haka awo uku za ka yi. Tsawo, daga ƙarfen baya zuwa fankokin gaba, ka cire kaurin radiyeton sanyaya furosesa in a gaba ka ɗaura shi. Kauri, wato ramuka nawa na bayan akwati zai cinye. Sai faɗi tare da wurin waya. RTX 4080 SUPER na Nvidia da kanta yana da tsawon milimita 304, faɗin 137, yana cin rami uku. Na AMD da kanta milimita 287 ne, rami biyu da rabi. Amma yawanci ba waɗannan za ka samu ba, sai na abokan ƙira: ASUS, MSI, Gigabyte, Zotac ko PNY a ɓangaren Nvidia, Sapphire, PowerColor, XFX ko ASRock a ɓangaren AMD. A cikinsu akwai waɗanda suka haura milimita 340. Ka duba awon ainihin samfurin da za ka saya, ba na sunan katin kawai ba.

Kati mai wannan nauyi yana sunkuyar da kai da daɗewa. Ka sa masa 'yar sandar tokare, wasu ma da ita suke zuwa.

Mataki na bakwai: wuta da wayoyi

Nvidia ta ba da shawarar na'urar ba da wuta mai wat 750, AMD kuma 800. Ni 850 mai inganci nake so ga kowannensu, saboda katunan zamani suna fizgar wuta fiye da iyakarsu na ɗan ƙiftawar ido, kuma tsohuwar na'ura takan ɗauki wannan a matsayin haɗari ta kashe kwamfuta ana tsakiyar wasa. Na'urorin da ke bin ƙa'idar ATX 3.0 an yi su ne da wannan fizgar a lissafi.

RX 7900 XTX yana amfani da bakin nan mai fil 8 da aka saba, biyu ko uku. Kowanne an ƙayyade masa wat 150, ramin madabod, wato babban faifan da katin ke shiga, kuma yana ba da 75. Ka ba kowane baki wayarsa daga na'ura, kada ka yi amfani da waya ɗaya mai reshe biyu. RTX 4080 SUPER kuwa bakinsa ɗaya ne mai fil 16, wanda aka tsara ya ɗauki har wat 600, kuma yana zuwa da mahaɗi mai karɓar wayoyi uku masu fil 8. Irin wannan bakin ne ya narke a wasu katunan RTX 4090 a ƙarshen 2022, inda Nvidia ta danganta abin da rashin tura wayar har ƙarshe. Ka tura shi sai ka ji ya ce ƙas, ka haska fitila ka tabbatar babu tsaga tsakanin robobin biyu, kuma kada ka lanƙwasa wayar sai ta yi nisan kusan santimita uku da rabi daga bakin.

A lokacin wasa na Nvidia yakan zauna ƙasa da iyakarsa, na AMD kuwa yana manne da tasa. Duk wat ɗin da kati ya ci zafi yake komawa a ɗakinka, fankoki kuma su ƙara ƙara. In akwatinka ƙarami ne, wannan ma ƙuri'a ce.

Mataki na takwas: me kake yi bayan wasa?

Idan kana aiki da Blender, manhajar zanen 3D, ko tace bidiyo, ko horar da manhajar basira, yawancin kayan aikin an fara gina su ne a kan CUDA, tsarin Nvidia na sa kati yin lissafin da ba na wasa ba, kuma a can suka fi zama lafiya. AMD tana da makamantansa, HIP da ROCm, suna aiki, sai dai sukan bukaci haƙuri. Mai watsa wasansa kai tsaye zai samu AV1, dabarar matse bidiyo, a dukansu. Mai amfani da Linux kuwa yakan fi samun sauƙi da AMD, don direbanta buɗaɗɗe ne, yana zuwa a cikin tsarin. In wasa kaɗai kake yi a Windows, tsallake wannan matakin.

Yanke hukunci

Koma kan takardarka. Duk katin da ya faɗi a awo ko a wuta ya fita, sai in ka yarda ka canja akwati ko na'urar wuta, kuma wannan kuɗin a kansa za ka ɗora shi. In dukansu sun tsira, ga yadda ni nake yankewa. Jerinka cike yake da manyan wasannin labari masu bin sawun haske, ko kana dogara da buɗa hoto a 4K, ko kana da aikin CUDA: ɗauki RTX 4080 SUPER. Jerinka na harbe-harbe ne da tsere da wasannin da ake zanawa ta tsohuwar hanya, kana son hoto na asali ba buɗaɗɗe ba, kana son rarar ma'adana, ko kana kan Linux: ɗauki RX 7900 XTX. In har yanzu sun yi canjaras, ka ɗauki wanda ya fi sauƙi a ranar saye, in kuɗin ma ɗaya ne ka bi wanda garantinsa ya fi tsawo kuma mayar da shi ya fi sauƙi.

Da katin ya iso, kada ka yar da kwali. In kana sauya kamfani, ka cire tsohon direba da manhajar DDU a yanayin kariya (Safe Mode) na Windows kafin ka sa sabon. Ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna Resizable BAR, wanda ke ba furosesa damar isa ga dukan ma'adanar katin, AMD kuma ke kira Smart Access Memory. Ka tabbatar wayar allo tana jikin katin, ba jikin madabod ba, kuma Windows tana kan cikakken gudun allon, don sau da yawa tana komawa 60 ba sallama. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunan katin da girman ma'adanarsa sun dace da abin da ka saya.

Sai ka buga wasanka mafi nauyi na awa ɗaya, manhajar HWiNFO tana buɗe a gefe, kana kallon zafin katin gaba ɗaya da zafin wurin da ya fi zafi. A farkon 2023 AMD ta amsa cewa wasu katunan RX 7900 XTX na ƙirarta suna da matsala a na'urar sanyayawa, wurin mafi zafi yana kaiwa digiri 110 katin ya rage gudu, don haka in na hannu ka saya wannan lamba ce ta farko da za ka duba. Ka saurari kuma ko yana wani siririn kuka idan FPS ya yi sama. Wannan kukan ba lalacewa ba ne, amma in ya dame ka, ka mayar da katin tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba.